Awa Biyar Zuwa Jidda

Jiya ina zaune da Inna a tsakar gidanmu na Talata Mafara, sai ɗana ya kira daga Jidda, ya ce sun sauka lafiya.

Inna ta ce, "Kwana nawa ya yi bisa hanya?"

Na yi dariya. "Inna, wane kwana? Daga Sakkwato ko awa biyar jirgin bai cika ba."

Ba ta yi dariya ba.

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu a Maradun, Baba ya hau babbar mota ya nufi gabas, wai zai nemi aiki a Makka ya dawo. Bayan wata bakwai wasiƙarsa ta iso daga Sudan. Ita ce ta ƙarshe. Duk wanda ya tambaya, Inna takan ce wurin ne da nisa.

Jiya kuwa, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Ashe ba nisa ya hana shi komowa ba."

Don Allah, da ku ne, me za ku ce mata?