Gangaren da Ya Cika Mini Batir

Shekara talatin ina jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maradi da Dakoro, kuma duk tasha an san ba wanda ya kai ni tattalin man gazwal. Sirrina ɗaya ne, maigidana ya koya mini: in an hau tudu, a cire giya, a bar mota ta gangara da nauyinta. Da ƙungiyar manoma ta samo babbar mota mai aiki da lantarki, ni aka miƙa wa makulli.

Tafiyar farko na ɗauko taki daga Maradi, na yi ta cire giya kamar kullum. Dab da Birnin Lalle batir ya ƙare, motar ta tsaya cak. Wani mai amalanken jaki ya zo wucewa, ya ce, "Malam, in ɗaure ta baya?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shugaban ƙungiya ya ce in aka kuma, makulli ya koma hannun wani.

Tafiya ta biyu aka haɗa ni da injiniyar da ta kawo motar, sa'ar 'yata. A gangaren farko na kai hannu ga giya.

Ta ce, "Baba, mi za ka yi?"

"Tattali, ɗiyata."

"Bar ta yadda take. Ɗaga ƙahwa kawai, ka dubi allon da ke gabanka."

Na ɗaga ƙafa ina ƙunƙuni. Motar ta riƙe kanta, ban taɓa birki ba, alamar batir kuma ta ɗan ƙaru! Ashe a gangare injin yake mayar wa batir wuta, ni kuwa ina ta zubar da ita. Na tuna shanun da na sha kusa afka wa saboda birki ya yi zafi.

To, ita ta san mota, amma hanya tawa ce. Kowane tudu na san shi kamar yunwar cikina. Na san inda zan lallaɓa, na san inda zan ɗaga ƙafa tun gangaren bai bayyana ba.

Da la'asar muka shiga Dakoro, ashe 'yan tasha har sun tanadi igiyar da za a janyo ni, don tsiya. Na sauko ina taku ɗai-ɗai. Shugaba ya leƙa allon, ya dubi injiniya.

Ta ce, "Ko ni ban taɓa isowa da sauran wuta haka ba."

Na karɓi igiyar, na ce a kai wa mai jaki, ya fi ni buƙatarta. Makullin yana aljihuna har yau.