Shekara Bakwai Ba Yaya Audu, Ga Fom Ɗin Hajara a Hannuna

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne yayana Audu, mai kwalekwalen fito na Warra. Mutumin da ya shekara talatin yana tsallakar da jama'a a kan ruwa, ko hularsa ba ta taɓa jiƙewa ba, zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke shi a kan tabarma. Ya tafi muna 'yan jihar Sakkwato. Da zai leƙo yau ya ji an ce mun koma Kebbi, na san abin da zai fara tambaya: to, an sanar da kifi?

Takarda ce ta tado mini da shi bana. 'Yarsa Hajara, wadda ya bar mini tana firamare, ta gama sakandare a Yelwa, ta kawo fom ɗin shiga jami'a. Malamanta sun ce ta zaɓi ɗaya cikin uku: likitancin haƙori, ko harhaɗa magunguna, ko nazarin halayyar ɗan Adam. Ni ne uba mai sa hannu, kuma ranar Litinin ake rufe karɓa. An ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni uku aka miƙo mini, ga turamena sun riga ni zuwa lahira.

Na garzaya wurin Inna, mahaifiyarmu, na karanta mata. Ta ce, “Na farkon, mi aikinai?” Na ce cire haƙori. Ta ce, “Wanzami ke nan. Na biyu fa?” Na ce haɗa magani. Ta ce, “Mai tallar sassaƙe ran kasuwa.” Da na zo na uku sai na yi ta kame-kame, na ce mutum ne zai zauna ya faɗi damuwarsa a saurare shi. Ta ce, “Wanga ai shi nike yi kyauta tun ba a haife ka ba. Don shi munka kai yarinya boko shekara sha biyu?”

Na je Yauri gun wani abokina mai kemis. Ya yabi harkar magani har sai da na ji kamar in sha. Da ya ji a garin nasa za ta zauna in ta gama, nan take ya tuna cewa haƙori ya fi albarka. Na dawo gida da ruɗani buhu guda, har direba ya nemi in biya kuɗin kaya.

Na so in bi gado, tunda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Audu bai taimake ni ba, don duka ukun ya taɓa. Ya cire wa wani Bakambare haƙori da zaren komar kamun kifi a tsakiyar ruwa. Yana da tsimin da in ka sha sau ɗaya ba za ka sake yarda kana ciwo ba. In iska ta taso fasinjoji suka fara salati, sai ya ja su da hirar farashin gero, a yi ta musu har a iso gaɓa.

Ina zaune a bakin mashigi sai na tuna yadda ya koya mini tuƙi. Ya kai ni inda ba a hango tudu, ya miƙo mini filafili, ya rufe fuska da malafa ya kishingiɗa. Na yi ta zagaye wuri guda har la'asar. Daga baya Inna ta gaya mini ashe malafar tana da huda, idonsa na kaina tun farko.

Sai na sa hannu a fom ɗin ba a cika ba, na miƙa wa Hajara. Malafata dai ba ta rufu ba, don kafin ta ajiye biro na leƙa. Na ukun ta rubuta. Na ce, “Ke ɗiyar nan, wa zai ba ki aiki da wannan?” Ta ce, “Baffa, ban sani ba. Amma shekarar da Baba ya rasu, Iya ta yi wata takwas tana kallon ruwa ba ta magana. Haƙoranta lafiya lau, kuma ba maganin da ba ku saya ba.”

Gidan nan ina ciki, ina ta ba'a don Iya, uwar Hajara, ta yi dariya, ban taɓa lura akwai yarinyar da ke ƙirga watanni ba.

Fom ya tafi. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba, ban kuma san abin da Audu zai ce ba. Kwalekwalensa ya ruɓe, tsiminsa ba wanda ya san haɗinsa. Abin da ya rage mana shi ne 'ya mai lura da mutane, wadda ta ga abin da ya wuce mu duka. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ruwan da ta shiga yana da gaɓa.