Na Kira Baba Mai Wayarin

Jiya a Tsafe allurar man motata ta kafe, sai na kira Baba mai wayarin na Gusau. Ɗansa ne ya ɗauka. Ya ce, "Alhaji, ba ka ji ba? Ai Baba ya rasu tun cikin azumi."

Na durƙushe a bakin titi ina salati.

Na tuna ranar da mai ya ƙare mini a hanyar Bungudu, allura tana nuna tanki cike, mahaifiyata kwance a baya ba lafiya, Baba ne ya biyo ni a babur da galan ɗin fetur. Ya ɓare waya da haƙori yadda ya saba, hannunsa na warin fetur. Ya ce, "Wayar tanki ce ta taɓa ƙarfe. Daure, Inna, yanzu za ku isa asibiti."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa.