Bawa Injiniya da Kamarar Sitona na Shinkafi

Buhu ɗari shida da goma sha biyu ne a sitona na Shinkafi a waccan kakar: gero ɗari uku, dawa ɗari biyu, sauran wake. Ɗari da arba'in daga ciki ba nawa ba ne, ajiya ce ta mutanen ƙauyukan Zurmi da suka tashi suka bar rumbunansu. Ni kuma ina zaune a Kaura, hanyar Shinkafi kuwa kun san yadda ta koma, kafin mutum ya shiga mota sai ya nemi gafarar iyalinsa. Shi ya sa na sa kamara a sito don in riƙa gani ta wayata, shi ne kuma ya jefa ni hannun marigayi Bawa Injiniya.

Ku da kuka san shi kun san ba ya taɓa na'ura sai ya gaishe ta. Zai tsuguna, ya gyara hular nan tasa da ba wanda ya san asalin launinta, ya ce, "Sannu baiwar Allah. Wa ya taɓa ki?" Sannan ya juyo ya kafe mai kayan da ido. Taubashina ne, ɗan yayar babana, ya girme ni da shekara goma. Da gyaran rediyo ya fara a bakin tasha, ya koma talabijin, ya ƙare a intanet, duk da sukudireba ɗaya da aka ɗaure ƙotarta da roba.

Wanda ya sayar mini da kamarar ya kafa ta ya tafi. In ina cikin sito hoto tangaran, in na dawo Kaura sai baƙin allo. Na kira shi, ya ce in sayi sabuwar rauta, akwatin raba intanet. Da na gaya wa Bawa sai ya dafe ƙirji.

"Sabuwa? Mi wagga ta yi maka? Kai dai Alhajin Buhu, kuɗi na yi maka ƙaiƙayi."

Muka tafi tare. Ya duba akwatunan biyu da ke kan katako a kusurwa, ya ce, "Masu gadi biyu gare ka. Wagga da kamfani ya ba ka, modem, tana ƙofar waje. Wagga taka, rauta, tana ƙofar ciki. Wayarka ta taho daga Kaura ta yi sallama, na waje ya ce bai san da zuwanta ba, na ciki kuma bai ji sallamar ba."

Na ce, "To a kori ɗaya mana."

"Kai komi kora! Ba a kora. Na waje gada za mu maishe shi, wanda ya zo ya wuce. Na ciki shi za mu yi ma bayani: duk wanda ya zo da lamba kaza, buɗe mai ƙofa, kai shi wurin kamara."

Ya sa na nemi lambar waje tawa ta kaina a wurin kamfanin, ya kuma ɗaure akwatin da ke ajiye hoton kamara a kan lamba ɗaya don kada ta sauya in wuta ta ɗauke. Lambar ƙofar a bayan kwalin ashana ya rubuta ta. Na miƙa masa sabon littafi, ya ce in ajiye wa jikokina.

Da ya gama na buɗe waya, ga buhunana reras. Na ce, "Alhamdu lillahi!"

"Rufe. Kana cikin gida kana sallama? Hita waje ka gwada. Tahi har kara."

Haka na ja babbar riga cikin rana tsaka, na taka har kasuwar shanu, gumi na bin bayana, na buɗe waya tsakanin bijimai. Hoto ya fito. Sai bayan wata guda na ji cewa kashe wayfai kaɗai ya isa, ko kana tsaye a bakin sito. Na tare shi da maganar.

Ya ce, "Na sani. Tumbinka na tausaya ma."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ran Juma'a da hantsi hoto ya ɗauke. Asabar Bawa ya bi hanyar nan ya je, ya tarar modem ta manta komai, gadar ta rushe, masu gadi sun koma biyu. Ya gyara. Juma'a ta zagayo, ya sake ɗaukewa. Ta uku ma haka.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta tafi kan Malam Hashimu, mai riƙe mini makullin sito shekara goma sha tara. A rumfar kasuwa wani ya ce mini, "Alhaji, Juma'a fa kowa na masallaci. In za a fitar da buhu, wane lokaci ya fi wannan?" Bawa ya duba hoton da akwatin ke ajiyewa, ya ce ko ƙwaya ba ta fita ba. Na ce wanda ya iya kashe kamara ai zai iya goge hoton. Abinci ya daina shiga. In zauna da waya a hannu, abin nan yana ta juyawa a allo, ina tunanin da wane baki zan gaya wa mutanen da suka rasa gonakinsu cewa ajiyarsu ma ta tafi. Na yanke shawara in karɓe makulli, in ɗauki tirela in kwaso hatsin zuwa Kaura, ko da yake na san abin da ake yi wa motar hatsi a hanyar.

Bawa ya ce, "Ba ka korar kowa sai na tambayi na'urar."

Na ce ya ɗauki motata da direba.

"Wagga mai ƙyalli? So kake a tare ni a ce Alhaji ne? Bar ni da hulata, wanda ya gan ta ya san ba riba."

Ranar Alhamis ya bi motar 'yan kasuwa, a baya, cikin awaki. Ban samu natsuwa ba sai da ya kira ya ce ya sauka. Ya juya kamarar ta fuskanci katakon na'urorin, ya ce gobe da hantsi in zuba ido.

Na zuba. Ga Bawa zaune kan buhu yana cin gyaɗa. Ga Malam Hashimu yana share ƙurar ranar kasuwa. Ya gama, ya zare tsinke ɗaya daga tsintsiya, ya hau benci, ya ɗauki modem kamar jariri, ya shiga sakace ta. Sai hoto ya ɗauke.

Waya ta yi ƙara. "Alhajin Buhu, na kama ɓarawonka. Tsawonsa taƙi guda. Ga mai gidansa, ji da kunnenka."

Malam Hashimu ya karɓa. "Alhaji, Injiniya ne ya ce a kiyaye ta da ƙura. Ga kuma zanzaro, duk ramin da ya gani sai ya liƙe da laka. Shi ya sa kowace Juma'a nika bin ramukan da tsinke. Akwai wani ƙarami ta baya mai zurhi, sai na danna na jima, hitilu su yi walƙiya, sannan in san ya hita tas."

Ramin da ke goge duk abin da aka saita ke nan. Bawan Allah, tsabtarsa ce ke rushe mana gada duk mako.

Bawa ya sake maida modem gada, ya ɗiga kakin kyandir ya toshe ramin. Da ya dawo Kaura ya ja ni gefe ya ce, "Zargin da ka yi, ka toshe shi kamar ramin can. Kada ka kuskura Hashimu ya ji." Ladansa kuwa tiya biyu ta wake ya ɗiba. Na ce ya ɗauki buhu, ya ce haƙoransa ba su kai buhu ba.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku Malam Hashimu ya biyo hanyar nan ya zo gaisuwa. Na kasa riƙewa, na ce masa akwai abin da nake son ya yafe mini.

Ya ce, "Na sani, Alhaji. Tun ranar Injiniya ya hwaɗa mini. Ya ce mu bar ka da kunyarka, ta ishe ka."

Ga lissafin. Masu ajiya sun karɓi buhunansu ɗari da arba'in, ba wanda aka farke wa baki. Nawa sun fita cif, in ban da tiya biyu ta wake. Makulli yana hannun Malam Hashimu har gobe. Hasarar ɗaya ce, ita kuma ba a auna ta da tiya.

Allah Ya jiƙan Bawa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa mini asiri, Allah Ya rufa nasa. Amin.