Kaskon Malam Sajo Bai Huce Ba

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran mahaifina, Malam Sajo na Gude, yana da shekara saba'in da ɗaya. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Baba, a zaman makokinka na ji wani ya yi ƙasa da murya yana cewa mai kasko ya tafi, na kusa da shi ya danne dariya. To, na ji, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙwarai kuwa, ka riƙe kasko. Shekara tara ke nan da ɓarin jikin Umma ya shanye, tuwo ya fita daga ranta, ba abin da take marmari sai soyayyen kifi. Ƙanwarka Gwaggo Zinnira ta soya ta aiko, ƙaya ta maƙale wa Umma a wuya har muka fitar da rai. Tun ranar ka ce ba mai sake ba matarka kifi sai kai. Da yamma za ka dawo da karfasa biyu daga wurin masuntan Guzuguzu, ka kankare, ka wanke da lemun tsami, ka tsattsaga, ka shafa gishiri da citta da ɗan yaji. Mai na yin zafi ka saka, juyi ɗaya ka tsame. Tsakanin Magariba da Isha'i ka gama, ka zauna kana tsince ƙaya kana ba ta a baki.

Sai gari ya ɗauka, wai namiji da furfura a madafi. Dattawa suka tako har zaure, suka ce kana zubar da girmanka. Ka ce musu, "Shekara talatin tana dafa mini, ba wanda ya zo ya ce girmanta ya zube."

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da na ji ƙamshin mai sai in tura ƙofar gida don kada abokaina su hango ka. Ka sha gani, ba ka taɓa tanka mini ba, kuma abin yana cina har yau.

Bayan tafiyarka Umma ta kwana uku ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Jiya na sauko da kaskon. Kifin farko ya ƙone, na biyu ya dagargaje. Ta ci loma huɗu, ta ce gishiri ya yi yawa. Ƙofar a buɗe na bar ta, kuma haka za ta zauna. Mai neman abin dariya ya zo bayan Magariba, sunana Mudassir.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka makwancinka, Ya ciyar da kai a Aljanna yadda ka ciyar da ita. Ya ba Umma da Gwaggo da dukkan dangi haƙurin rashinka. Ni kuma Ya sa kada ƙaya ko ɗaya ta kuɓuce wa yatsuna.