Iya Hansai Mai Ɓeraye da Ƙashin Innata

Kullum da sassafe, tun tururi na kwance a kan kogin Wudil, masunta ba su gama janye komarsu ba, za ka ga wata dattijuwa tana tafiya a hankali a gefen titi, da kwanon dusa da gyaɗa a kanta, makulli ɗaure a bakin zaninta. Iya Hansai ke nan. Shekara goma sha biyu tana wannan tafiyar zuwa wani ɗaki a bayan ofishin likitan dabbobi. In ta buɗe ƙofa sai ta ce, "Kun kwana lafiya, 'yan matana?" Su kuwa 'yan matan ɓeraye ne! Farare tas kamar auduga, idonsu ja, a kejin waya. Likita ne yake ajiye su don bincike, ita kuma take ci da su, take share musu wuri.

Ƙarshen watan nan za ta aje aiki. Ni aji huɗu na tsaya a boko, amma wallahi sai na rubuta, don labarin ya cika mini ciki.

Yanzu da kuɗin mai ya shigo, kowa babur, kowa rediyo, ana ta rufin kwano, wa zai kalli mai kiwon ɓera? Uwar Ɓeraye mata suke ce mata. A gidan biki kwanonta daban ake zuba mata. Har Innata, Allah ya yafe mata, takan ce, "Hannun da ya taɓa ɓera ba zai shiga tuwona ba."

Malam Isyaku, masinjan ofishin, shi ya ba mu labarin yadda abin ya faro. Wai likita ya ce tsofaffin matan ɓerayen da suka daina haihuwa a kawar da su. Iya Hansai ta riƙe ƙugu ta ce, "Ranka ya daɗe, don sun daina haihuwa sai a zubar? To ni ma a haɗa da ni mana!" Likita ya yi dariya ya bar mata su. Ana nan, wata rana wata tsohuwar ɓera ta yi tsalle ɗan kaɗan za ta sha ruwa, ƙafa ta karye ƙas, kamar tsinke. Bayan sati biyu wata ma haka. Iya ta ce wa likita, "Ka lura? Maza ba su cika yi ba, 'yan mata ba sa yi. Sai waɗanda haihuwa ta tsaya musu." Likita ya duba ƙashin a madubinsa mai ƙara girman abu, ya kira ta ta leƙa. Ta ce ciki duk huji-huji ne kamar soson wanka. Ya gaya mata wai in ƙwan cikin mace ya ƙare, wani abu da yake riƙe ƙashi shi ma sai ya ja baya.

Tun ranar ta sauko musu da ruwan sha ƙasa, ta ƙara musu taushin shimfiɗa, ta daina ɗaga su ta wutsiya. A tafin hannu biyu take tallabo su.

To ga inda ya shafe ni. Innata al'ada ta ɗauke mata da wuri. Bara ta dafa ƙasa kawai za ta miƙe, wuyan hannu ya karye. Mun tsorata, don yayarta Nana santsin bakin rijiya ya karya mata ƙugu, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Ni kuma ga ciki, na fari, mijina Haladu ya kawo ni gida daga Dagumawa in haihu. Wankan jego na kwana arba'in yana jiran Inna: bokitin tafasasshen ruwa safe da yamma, daga murhu zuwa banɗaki, a kan santsi.

Iya Hansai ta yi sallama wata Juma'a da ƙwaryar nono da ƙullin ƙananan busasshen kifi.

Ta dubi Inna ta ce, "Fatsuma, ki daka shi har ƙayar ki zuba a miya. Ki sha nono, ki dinga fitowa hantsi kina takawa. Bokitin nan kuma ba naki ba ne. Na ga irin ƙashinki a wurin 'yan matana."

Inna ta saki baki. "Hansai, ni za ki haɗa da ɓera?"

"Wane ni! Su ai suna jin magana."

"A ce 'yata ta haihu a ɗakina, wata ta yi mata wanka? Da wane ido zan kalli matan unguwa?"

"Wa ya ce wata za ta yi? Ganye a hannunki yake. Ni jakar ɗaukar ruwa ce kawai."

Haka kuwa aka yi. Ke ce, Iya, kike zuwa da an idar da sallar asuba, kafin ki je wurin aikinki, ki kwashi ruwan a rabin duro ki kai, ki barbaɗa yashi a inda Inna za ta taka. Ke ce kika sa aka kafa mata turmi ta zauna, tana tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini. Da la'asar ki dawo. In mata sun zo barka suka ce, "Sannu Fatsuma da aikin wanka," ke ce kike fara cewa, "Ai tana ƙoƙari."

Ni a cikin tururin nan sai in lumshe ido, in ga kamar kogin ne ya shigo gidanmu, fararen ɓeraye suna wucewa a kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin a tsakiya an yi musu shimfiɗa. In buɗe ido in ga inuwar mata biyu a bango, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune, suna faɗa a kan ruwa ya yi zafi ko bai yi ba.

Iya ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce ƙashin da ya tsufa ba ya komawa sabo, lallaɓa shi ake yi.

Jiya muka yi arba'in! Inna lafiyarta ƙalau, ko targaɗe babu. Kunyar 'yar fari ta hana ni kiran sunan yarinyar da baki, amma a takarda zan rubuta: Yelwa. Iya Hansai ta tallabo ta a tafin hannu biyu, yadda ta saba, ta ɗora wa Inna a baya, aka ɗaure zani. Inna ta taka har ƙofar gida tana ce wa jikar tata, "Ƙawata, ashe nauyinki bai kai na bakinki ba."

Mun gode, Iya, mai tafin hannun auduga. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya tallabe ki yadda kika tallabe mu. Ku kuma masu karatu, duk mai tsohuwa a gida ya karɓe mata bokitin nan tun yau, ya bar mata ganyen a hannunta.

Da aka sauke tuwon arba'in, na ɗauko kwano biyu kamar kullum. Inna ta ture ɗaya da ƙafa ta ce, "Mai da shi. Hansai, matso, sa hannu."