Ranar da Famfon Kifin Yaya Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ban ce komai a nan ba. Na ga saƙonninku, ku yi haƙuri, kunya da ciwo ne suka hana ni amsawa.

Wutar lantarki ce ta ja ni a gidanmu a Kudan, na kusa rasa hannuna na dama.

Yayana Sani yana kiwon 'ya'yan tarwaɗa a wani tankin roba a bayan ɗakin girki. Cikin ruwan akwai ɗan famfo da ke juya shi don kifin su sami iska. Fulogin famfon ya daɗe da fashewa, sai Yaya ya riƙa cusa bakin wayar a soket yana tokare ta da tsinken ashana. Inda wayar ta goge kuma ya ɗaure da leda.

A gidanmu ba ma duba ƙwan fitila don mu san ko akwai wuta. Famfon muke saurara. In yana gurnani, akwai. In ya yi shiru, an ɗauke.

Ranar wata Asabar da hantsi ya yi shiru. Yaya yana gonar rake. Na leƙa na ga kifin sun taso sama, wasu sun juya cikinsu sama. Na ɗauka iska ce ta ƙare musu. Na tuɓe silifas saboda santsi, na sa hannu zan kwashe matattun.

Ashe akwai wuta. Famfon ne ya ƙone, yana zubar da ita cikin ruwan.

Ban iya ihu ba. Hannuna ya ƙanƙame gefen famfon ya ƙi saki. Inna, mahaifiyata, ita ta fizge wayar daga bango da muciya. Allah ya sa muciyar a bushe take.

Da na dawo hayyacina, abin da ke tafin hannuna ɗan tabo ne fari, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Maƙwabta suka ce a ba ni madarar gwangwani, tana kashe dafin wuta. Na sha biyu. Baba ya yi mini addu'a, kowa ya ce an auna arziki.

Washegari hannun ya fara kumbura, yatsu biyu ba na jin su. Fitsarina ya koma kamar ruwan shayi. Ban faɗa ba. Ta yaya zan buɗe baki in yi wannan maganar? Ga Yaya kuma ko tuwo ya kasa ci, ban so in ƙara masa.

Na rufe hannun da hijabi har kwana biyu.

Inna ce ta gane, da ta ga ina ɗaukar buta da hagu. Ta ɗaga hijabin, ta yi salati, ta aika a kira Baba.

A asibitin Makarfi aka sa mini ƙarin ruwa, aka ce mu wuce Zariya a ranar. Can aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka manna mini wayoyi a ƙirji don a duba zuciya. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko na ji. Na ce a'a sau biyu.

Ta bayyana wa Baba cewa wuta tana shiga ta ƙaramar ƙofa amma a ciki take ƙuna. Naman da ya ƙone ne ke fita ta fitsari, yana wahalar da ƙoda. Kumburin kuma ya matse jijiyoyin jini. Sai ta juyo gare ni.

"Da wane hannu kike rubutu?"

Na nuna mata.

"To za mu yi iya ƙoƙarinmu a kansa. Amma ba zan yi miki alkawari ba."

Ajin ƙarshe nake a sakandare. Tun daga wannan lokacin ba na tunanin komai sai biro.

Aka yi tiyata, aka tsaga hannun daga wuyansa zuwa kusa da gwiwar hannu don kumburin ya sauka, aka bar shi a buɗe kwanaki. Kullum da safe nas za ta zo wanke ciwon. Da na ji ƙarar keken da take turo kayan wankin sai in rufe ido. Bayan ta gama sai likita ta duba kalar yatsun, ni kuma ina kallon fuskarta. Baba ya sayar da raken da bai isa sara ba saboda magani da kayan wankin.

Yaya ya zo sau uku yana tsayawa a bakin ƙofa. Na huɗu ya shigo ya ce zai zubar da kifin ya fasa tankin. Na ce masa kifin ba su yi laifi ba, ya kira mai gyaran wuta kawai. Ya yi kuka, ni ma na yi.

Sati na uku ɗan yatsana na tsakiya ya motsa. Likita ta ce an wuce maganar yankewa.

Da aka sallame ni aka ba ni aiki: tsintar wake ɗaya-ɗaya daga faranti zuwa kwano. Ranar farko bakwai na iya. Yanzu ina cika kwanon, sai dai ƙaramin yatsan har yau ba ya lanƙwasa.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Inna da Baba, da likitar nan da nas-nas ɗinta, da ƙawayena da suka kwafe mini darasi.

Roƙona ga masu kifi a gida: kada hannu ya taɓa ruwan sai kun cire wayar daga bango kun gan ta da idonku. Shirun famfo ba ya nufin babu wuta. In kifi sun taso suna mutuwa haka kawai, ku zargi waya tukuna. A ɗaga soket sama da tanki, a sayi fulogi, a daina ɗauri da leda. Wanda wuta ta ja a kai shi asibiti a ranar, ko tabon bai kai komai ba. Madara ba ta yi mini komai ba sai jinkiri. 'Yan mata, in fitsari ya canza kala ku faɗa wa iyayenku mata.

Jarrabawa ta matso. A yanzu minti ashirin nake iya rubutu kafin hannun ya sandare, takardar kuwa ta awa uku ce. Kullum bayan la'asar ina zama da agogo ina ƙara minti ɗaya. Ku sa ni a addu'a.